Garin Neman Gira

Ƙanwata da ke aure a Magajin Gari, cikin Birnin Gwari, ta kira ni da wata buƙata da ban taɓa jin irinta a danginmu ba. So take in nemo mata inda ake zanen gira na dindindin a Kaduna, irin wanda ake yi da allura, a zana mata gira da layin ido sau ɗaya a wuce wurin. Ta ga aikin masu yi a TikTok da Instagram, kuɗin ma ta tanada, domin kwasar adashinta ce ta zagayo.

"Yaya, kwalliya ta ƙi ni," in ji ta. "Duk abin da na shafa sai idona ya tashi. Gara a yi mini wanda ba sai na ƙara shafa komai ba."

Ciwon na san shi, na kuma gan shi ido da ido. Fatar idanunta ce ke kumbura, sama da ƙasa, har wata safiyar sai ta sa yatsa ta ɗaga kafin ta ga gabanta. Ga ƙaiƙayi mai hana barci. Bayan 'yan kwanaki kumburin ya sace, fatar ta bushe ta yi ɓawo, ta saɓule, ta bar baƙin zobe a kewayen ido wanda kan yi wata guda bai washe ba. Tun bayan aurenta abin ya fara, kuma kowane zuwa sai ya fi na baya zafi.

Tunanin nata ba na wauta ba ne. A Turai da Amurka ma da wannan hujjar ake tallata zanen dindindin ga matan da fatarsu ba ta shiri da kayan shafe-shafe: tunda abin da kike shafawa kullum ne ke cutar da ke, a saka miki launin cikin fata ki huta. Abin da ya hana ni nemo mata wurin shi ne har zuwa ranar ba wanda ya san takamaimai abin da ke tayar da ciwon. Jikin mutum ba ya ƙin kwalliya a dunƙule. Wani sinadari ɗaya ko biyu yake ƙi, kuma sinadarin yana da suna. Na ce ta yi haƙuri mu nemo shi tukuna, kuɗin adashi ba ya ruɓewa.

Bayani na farko a gida muka tarar da shi. Surukarta da ƙawayen Innarmu sun daɗe da yanke hukunci cewa baki ne, kuma suna da hujjarsu: ciwon ba ya tashi sai an yi taro. Biki, suna, Sallah, walimar sauka. Yarinya ta yi ado ta shiga cikin mata, ta dawo ido ya kumbura, me kuma ake nema? An yi tofi, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Ba na raina addu'a, kuma kambun baka ba abin musu ba ne a wurinmu. Amma na ce mata ta zauna ta tuno kowane tashi na ciwon, ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa shi da abin da ya faru a makon. Wannan bai yi mata wuya ba, don ankon kowane biki yana nan cikin akwati.

A lissafin nan ne aka sami guda uku da suka ƙi shiga sahu. Na farko wani biki ne a Dogon Dawa, a shekarun da hanyoyin Birnin Gwari suka yi tsanani, lokacin da fita ta kowace kusurwa sai da rakiyar jami'an tsaro ko da ƙundumbala. Ta yi wanka, ta yi kwalliya, mota kawai ake jira, sai labari ya zo cewa an tare hanya, maigidanta ya ce ba inda za ta. Ko zaure ba ta leƙa ba, ba wanda ya ga adonta, amma washegari da yamma ido ya fara tashi. Na biyu zaman makoki ne, kwana uku cikin mata maƙil, ta dawo lafiya ƙalau. Waɗannan biyun sun nuna cewa ba shiga taro ne ke kawo ciwon ba, shirin zuwa taron ne. Na uku kuwa ya tashi ne a tsakiyar damina, ba biki ba suna, ba ta shafa komai ba. Shi kam ya ƙi kowane bayani, sai muka ajiye shi gefe.

Wanda aka fara zargi cikin kayan shiri kwalli ne, don shi ne ya fi kusa da ido. Bai daɗe a hannu ba. Tun tana cikin zanen goyo ake sa mata shi, kuma har yau tana zizara shi a ranakun da ba komai, ido lafiya lau. Abin da ake sawa kullum ba zai zaɓi ranar biki ya yi ɓarna ba.

Sai dai wanke kwalli daga wannan laifin bai wanke shi daga nasa ba, kuma ba zan wuce ban faɗa ba. Kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan da ake niƙawa haɗin dalma ne da farar wuta. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya. Da aka bi diddigi sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, wanda gwaji ya nuna kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta wallafa labarin a 2012. Mu nan ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, a 2015 ta kashe 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu, duk ta hanyar ƙurar dutsen zinare. Dalma ba ta kumbura ido. A hankali take shiga jini idan yaro ya murza ido ya kai hannu baki, ta taɓa ƙwaƙwalwa. A ƙasa irin tamu da ake haƙar zinare, ƙara wa jariri dalma ta ido ganganci ne.

Daga kwalli muka koma kan sauran akwatin kwalliya: hoda, jagira, gazal, jan baki, man shafawa, turare. Nan zargi ya fi ƙarfi, domin ƙamshin da ake zubawa cikin kayan shafa da sinadaran da ke hana su lalacewa su ne kan gaba wajen tayar da borin fata. Maimakon mu bi su ɗaya-ɗaya, sai muka kwashe su gaba ɗaya. Daga farkon azumi ta rufe akwatin, ba abin da ya taɓa fuskarta sai ruwa da man kaɗanya. Ranar Sallah ma haka ta fita, fuska fayau. Da a ce mai laifin yana cikin akwatin, da ta yi Sallah lafiya.

Washegarin Sallah da dare ta kira ni tana kuka. Kumburin da ba ta taɓa yin irinsa ba, har ya sauko kunci. Surukarta ta ce ai dama ta faɗa.

Wannan karon na hana ta abin da ta saba, wato aika yaro kemis ya sayo ɗan man nan na cikin matsattsen bututu da ake ba kowa don ƙuraje. Yawancin irinsa suna ɗauke da sinadarin siteroid mai ƙarfi. Yana kwantar da kumburi cikin kwana biyu, shi ya sa ake yabonsa, amma yawan shafa shi a kewayen ido yana sirantar da fata, yana iya ɗaga hawan ruwan ido, kuma yana ɓoye sawun da ake bi. Na ɗauki hotunan da ta turo da lissafin da muka yi na kai wa wani likitan fata a Kaduna.

Bai daɗe yana kallon hotunan ba. Lissafin ya fi tsayawa a kai. Ya tambaye ni ko ciwon yana tashi ne tana cikin kwalliyar ko sai daga baya. Na ce sai washegari, wani lokaci bayan kwana biyu.

"To ku daina tambayarta abin da ta shafa ranar da ido ya kumbura," ya ce. "Ku tambaye ta abin da ta taɓa kwana biyu ko uku kafin nan. Kuma ku duba hannunta."

Bayanin da ya yi mini shi ne bori iri biyu ne. Akwai mai saurin tashi, wanda muke kira borin jini, mutum ya ci wani abu ko ƙudan zuma ya harbe shi, cikin mintoci jiki ya yi rudu-rudu. Akwai kuma mai jinkiri, wanda ke bin abin da ya taɓa fata. Shi wannan, karon farko da sinadarin ya shiga, garkuwar jiki kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu tana koyon kamanninsa. Daga nan ta zama kamar mai gadin da ya taɓa ganin fuskar ɓarawo: ko bayan shekara goma ya gilma, sai ya gane shi ya yi kururuwa. Kururuwar ce ba ta fitowa a fata sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Dalilin duba hannu kuwa, fatar ido ita ce mafi siranta a jikin ɗan Adam, ta tafin hannu tana cikin mafi kauri. Abin da tafin hannu zai ɗauka bai nuna ba, yatsa na kai shi ido sai ido ya tona. Mutum kuwa yana taɓa idonsa ba adadi a yini, har cikin barci.

Me mace ke yi ana gobe biki ko ranar jajibere? Kitso da ƙunshi.

Da na je Birnin Gwari na faɗa mata, dariya ta yi. "Yaya, lalle fa? A hannu nake yi, ba a ido ba. Kuma ai ni tun aurena ban ƙara yin zane ba, bakin yatsu kawai nake tsomawa da ɗan tafin hannu." Shi ya sa ko sau ɗaya bai shigo lissafinmu ba, ita ba ta ɗauke shi abin shafawa ba. Ranar jajiberen Sallar da ta bar fuskarta fayau, ta yi baƙin lallenta kamar kullum, har ta ce a ƙara masa ƙarfi tunda shi kaɗai ne adon da ya rage mata.

Na tambaye ta me ya sa ta daina zane tun aure. Sai ta naɗe hannun riga ta juya damtsenta wajen haske. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu akwai fure, da ganyensa da reshensa da ɗigo-ɗigon da ke zagaye da shi, ba da launin lalle ba, da launin tabo. Wani layin ya fi fatarta duhu, wani ya fi ta haske, in ka shafa da yatsa kana jin ɗan tudunsa. Zanen amarcinta ne. Kimanin kwana goma bayan an kai ta ɗaki, kowane layi na zanen ya tashi ya yi bororo, yana ɗigar ruwa. Aka ce lalle ne ya ƙone ta, amare da yawa na yin haka, aka shafa magani ya warke. Daga nan ta ɗauka fatar damtsenta ce ba ta son zane, ta koma yin sa inda ba ya tashi. Da na duba yatsun sosai, ga ɗan saɓa a gefen farce, ga tsagewa tsakanin yatsu, waɗanda ta daɗe tana ɗora wa sabulun wanki.

Innarmu ce ta kawo ƙalubalen da ya dace. Ta ce ita da uwarta da kakarta duk da lalle suka tsufa, sun kwana da hannu cikin zunguru, ba wadda idonta ya taɓa kumbura. Gaskiya ta faɗa. Ganyen lalle yana da wani sinadari da ke kama fata a hankali ya ba da ja, daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, shi ya sa sai an ƙunsa an yi sa'o'i ko an kwana. Da wuya ƙwarai ya tayar da bori. Abin da ba ya yi shi ne baƙi. Duk lallen da ya fito baƙi wuluk cikin rabin sa'a, wani abu ne ya baƙanta shi.

Muka je wurin mai ƙunshin unguwarsu, mace mai fara'a, ba ta ɓoye mana komai ba, don ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Ta ɗauko ɗan kwali mai hoton mace da baƙin gashi, ta fito da 'yar kwalba, ta zazzage garin a murfin roba. Ta ɗiga ruwan haidurojin, ta juya da tsinke har ya yi kauri, ta ɗura a ledar da ta naɗe ta yi wa tsini. Ko ƙwayar garin lalle ba ta shiga ba. Dayis ne, rinin gashi tsantsa. Yatsunta ita kanta sun yi baƙi sun tsattsage, ta ce sana'a ce ta gaji haka. A takardar da ke cikin kwalin, cikin jerin abubuwan da aka haɗa, ga dogon sunan sinadarin da masana ke taƙaitawa da PPD, ga kuma gargaɗin cewa na gashi ne, kada a shafa a gira ko gashin ido.

PPD ba baƙo ba ne a wurin likitocin fata. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake rina gashi da shi, kuma yana cikin sinadarai mafi ƙarfi wajen koya wa jiki bori. A 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwo ta zaɓe shi a matsayin sinadarin da ya fi cancantar a yi gargaɗi a kansa a shekarar, saboda yaɗuwar baƙin lalle. Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa ba, a fata kuwa ba ta yarda da shi ba sam, haka ma hukumar abinci da magunguna ta Amurka. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan baƙin lallen shagunan kwalliya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya sami wanda PPD ɗinsa ya kusa kashi 30. A Sudan, inda muka aro yawancin salon ƙunshin zamani, likitocin Khartoum sun daɗe suna karɓar waɗanda suka haɗiye shi, maƙogwaro a kumbure, ƙoda ta tsaya. A Ingila wata mata ta rasu a 2012 bayan ta yi shekara guda a sume sakamakon rina gashinta, kuma binciken da kotu ta yi a 2015 ya ji cewa an yi mata zanen baƙin lalle a Dubai a 2007, daga nan ne borin da take yi wa rini ya tsananta.

Saura tashin tsakiyar damina, wanda ba biki ba ƙunshi. Yanzu da muka san sunan abin da muke nema, tambayar ta sauya: wa ya taɓa dayis a gidan a makon? Surukarta ce da kanta ta tuna. Furfura ta fito mata a goshi, ta ce yarinyar ta shafa mata rini, ita kuwa ta shafa da hannu ba safa. Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce, "Ashe da hannuna na ba ki."

Zargi ba ya zama tabbas sai an gwada. Akwai gwajin da likitan fata Bajamushe Josef Jadassohn ya fito da shi a 1895, wanda har yau shi ake yi: a manna ƙananan ɗigo na sinadarai daban-daban a bayan mutum, a cire bayan sa'a 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu a ga wanne ya tashi. Likitan ya ce ga mai tabo irin nata, ko a asibiti sai an tsarma PPD sosai kafin a manna, don haka kada ta kuskura ta gwada dayis da kanta. Abin da ya ba ta ta yi a gida shi ne ta dawo da kayan akwatinta ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ta shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu safe da yamma har mako guda, in bai tashi ba ta kai shi fuska. Hoda ta wuce, jagira ta wuce, gazal da jan baki suka wuce. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 hanya ta yi sauƙi, bukukuwa suka dawo, ta halarci nata rabon da cikakkiyar kwalliya da jan lalle na ganye. Ido bai ƙara tashi ba.

Yanzu sai a dawo kan buƙatar da ta fara kawowa. Da na nemo mata mai zanen gira tun ranar farko, da ta biya kuɗi an huda mata fuska, ta koma gida ta ci gaba da tsoma yatsu a dayis, ido ya ci gaba da kumbura. Wannan shi ne mafi sauƙin abin da zai faru. Mafi muni kuwa yana cikin shagon kansa. Masu gyaran gira da yawa suna rina gashin gira da rini mai PPD, har da wanda ake sayarwa da sunan lallen gira. Wasu mayukan kashe zafi da ake shafawa kafin a sa allura suna ɗauke da benzoken, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta PPD har jikin mai wannan bori yakan ɗauke su abu ɗaya. Haka wasu launukan rinin yadin roba masu duhu, shi ya sa likitan ya ce ta riƙa wanke sabon baƙin hijabi ko niƙabi kafin ta sa. Da Innarmu ta ji wannan sai ta ce, garin neman gira a rasa ido.

Ko ga wadda da gaske jagira ko gazal ne ke tayar mata da bori, ban ga zanen dindindin a matsayin mafita ta farko ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake yin sa. Allura ko 'yar aska mai jerin tsinaye ce ke tsaga fata ta tura launi ƙarƙashin ɓawon da ke saɓulewa, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye shi su riƙe. Jagirar da ta cuce ki, ruwa da sabulu sun raba ku. Tawadar da ta cuce ki tana ciki, kuma borinta na iya tashi bayan watanni ko shekaru. Launuka masu ja, irin na leɓe, su suka fi yawan yin haka. Masu ruwan ƙasa da ake yi wa gira yawanci daga tsatsar ƙarfe ake yin su, kuma sukan zo da ɓurɓushin nikel, ƙarfen nan da ke sa kunnen wasu mata ƙaiƙayi da ruwa in sun sa ɗan kunne mai araha. A 2003 da 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sami rahoto sama da 150 na matan da wasu launukan tawadar kwalliyar dindindin suka illata: kumburi, tsagewa, bororo da ƙulli a ido da leɓe, wasu har ci da magana suka yi musu wuya. Har yau hukumar ba ta amince da wani launi a matsayin wanda aka yarda a tura cikin fata ba. Tarayyar Turai kuwa sai a Janairun 2022 ta fara aiki da dokar da ta taƙaita sinadarai sama da 4,000 a tawadar zanen jiki. Mai zane a Kaduna ko Abuja da ta yi odar tawada ta intanet, da wuya ita kanta ta san abin da ke cikin kwalbar.

Cirewa ma ba wasa ba ce. Hasken leza da ake goge zane da shi yakan mai da tawada mai tsatsar ƙarfe baƙa nan take, kuma a fata mai duhu irin tamu yana iya barin fari ko baƙin tabo. Wasunmu jikinsu na yin tudun nama a duk inda aka huda, irin wanda ake gani a kunne bayan huji, to a yi tunaninsa a gira. Ga batun allura: babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda allurar da ba a sauya ba ke ɗauka daga wannan ta kai wa waccan. Kuma sunan dindindin ɗin ma bai cika ba, don launin yana kodewa cikin shekara ɗaya zuwa uku, wani ya juye ja-ja ko toka-toka, sai an koma an sabunta. Ga mace a Magajin Gari, kowace komawa da kowace matsala tafiya ce ta sama da kilomita 100 ta Udawa da Buruku.

Mu ba baƙin kwalliyar dindindin ba ne. Ban da tsagar gado, wanzamai sun yi wa kakanninmu mata zanen ado irin su kalangu da 'yar baka, a tsaga a shafa baƙin tukunya ya zauna har kabari. Amma su ɗin ma suna da katambiri da gauɗe, waɗanda ake zana baƙi da su a fuska ya yi kwanaki ya goge. Abin da ya rage zanen aska, ban da sauyin zamani, wa'azin malamai ne, domin hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi hani mai tsanani ga mai yin zanen da ake cusa launi cikin fata da wadda ake yi wa. Sauya aska da inji bai sauya aikin ba. Inda na ga wuri ga wannan sana'a shi ne larura: wadda wuta ta cinye wa gira, ko ciwon zubewar gashi, ko maganin sankara. Ita sai ta haɗa likitan fata da malamin da ta amince da shi, a tantance tawadar, a yi a wuri mai tsafta da sabuwar allura. Wadda kuwa ƙaiƙayi ne ya kore ta daga jagira, abin da take buƙata shi ne sunan sinadarin da jikinta ya ƙi, sannan ta nemi jagirar da ba ta da shi.

Borin PPD ba ya warkewa. Ƙanwata za ta rayu da shi, ba rinin gashi, ba baƙin lalle, kuma duk asibitin da ta je sai ta faɗa kafin a ba ta magani. Abin da ya fi damuna 'yan matan da ake jerawa ranar jajibere, 'yan shekara huɗu da biyar, ana zana musu dayis har gwiwar hannu, ana koya wa jikinsu ciwon da zai bi su har tsufa. Masu ƙunshi ba mugaye ba ne, abin da kasuwa ke so suke yi, kuma hannuwansu ne suka fi shan wahalarsa. Ya kamata NAFDAC da ma'aikatan lafiya na unguwanni su kai musu wannan bayani da Hausa, har inda suke zama. Duk wadda ta ga zanenta ya fara tashi ko ƙaiƙayi, ta ɗauka jikinta ya ba ta sanarwa, kada ta sake. In kumburi ya kai leɓe ko harshe, ko numfashi ya fara wuya, asibiti za a nufa a lokacin, ba kemis ba. Uwar da za ta kai 'yarta ƙunshin Sallah kuma, ta tambayi abin da ke cikin murfin kafin yarinya ta miƙa hannu. In dayis ne, ta ce a yi mata ja.